Saitin shoka a MX Bikes: mai tauri da mai taushi, kowanne da filinsa

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya kawo tambaya. Babur mai injin 250cc yake hawa a MX Bikes, wasan kwamfuta na tseren babur a kan ƙasa. Ya karɓi saitin da aka tsara don sufakuros, wato tseren da ake yi a cikin filin wasa a kan tuddan da aka gina, ya shiga da shi filin waje, wato filin tsere na buɗaɗɗen wuri, sai tayar gaba ta riƙa zamewa a kwana, babur kuma yana watsal-watsal da shi a gargada. Da ya gaji ya sassauta komai gaba ɗaya, sai wata matsalar ta ɓullo: duk saukowa daga babban tsalle shoka ta kai ƙarshe, bayan babur ya harbo shi ta kan hannu. Yana son sanin wanne ya fi, mai tauri ko mai taushi.

Ɗan'uwa, babu wanda ya fi wani a cikinsu sai an faɗi filin da za a hau. Abin da ya ɓata maka lissafi shi ne ka motsa komai a lokaci ɗaya, alhali kowane maɓalli a garejin wasan, inda ake saita babur, aikinsa daban. MX Bikes, wanda PiBoSo ya ƙera kuma ya shiga Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, a 2019, lissafin babur na gaske yake bi, don haka alƙaluman da makanikan tsere suke aiki da su za su yi maka amfani a matsayin mafari.

Sifirin shi ne ke ɗaukar nauyi. Ɗaurin sifirin, wato firilod, tsayin da babur zai tsaya kawai yake canzawa, ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi. Bomp shi ke rage saurin matsewar shoka, ribaun kuma shi ke rage saurin dawowarta. Kafin ka taɓa ko ɗaya, ka tabbatar da inda lamba take nufa. A babur na gaske ana ƙirga kilik, wato mataki ɗaya na juyin notin saiti, daga inda aka ɗaure noti tam, saboda haka babbar lamba taushi take nufi. Kai bomp na gaba ƙarshen sama ka zagaya filin sau ɗaya, ka mayar da shi ƙarshen ƙasa ka sake zagayawa, nan take za ka san alƙiblar lambobin babur ɗinka. Da yawa suna taurara abin da suke zaton sassautawa suke yi.

A sufakuros, irin wanda ake yi a filin wasa na Anaheim a Amurka, ƙasar a shirye take, mutane ne suka gina ta. Tsalle mai tudu uku yakan kai kusan mita 20, ga wups, wato tuddai a jere kusa da juna, masu tsayin da ya doshi mita ɗaya, ga fuskokin tsalle masu tsaye. Abin da ake nema a nan shi ne babur ya tsaya a sama, kada ya nutse a fuskar tsalle ya cinye gudun da zai ɗaga ka, kada kuma tayar gaba ta faɗa tsakanin wups biyu. Shi ya sa ake ƙara sifirin mataki ɗaya ko biyu gaba da baya, a ɗaure bomp sosai, a ƙara mai a shokar gaba. Filin waje kuwa gudu ne mai yawa a kan ƙasar da ke lalacewa tun daga zagayen farko, kuma tseren duniya minti 30 ne da ƙarin zagaye 2. Gargadar birki tana fitowa kafin kowace kwana, gargadar totur bayanta. A nan aikin shoka shi ne ta bar taya manne da ƙasa. Taya da ke sama ba ta birki, ba ta juyawa, ba ta tura babur.

Daga nan za ka gane dalilin zamewar tayarka ta gaba. Idan ka kama birki, ya kamata shokar gaba ta ɗan nutse, nauyi ya sauka a kan taya, kan babur ya sunkuya ya yarda ya juya. Shokar sufakuros ba ta nutsewa a gudun kwanar filin waje. Nauyi bai isa taya ba, kowane ɗan dutse ko tudu kuma maimakon shoka ta shanye shi sai ta buge shi ta kauce. Maganinsa a gaba yake: sassauta bomp na gaba kilik 2 zuwa 3. Idan tayar ta shiga kwanar lafiya amma ta kuɓuce a tsakiya daidai lokacin da ka saki birki, to ribaun na gaba ne ya yi sauri, kai yana miƙewa da wuri, ka rage masa sauri da kilik 1 ko 2. Babu ruwan shokar baya a wannan matsalar, kuma sassauta ta da ka yi shi ya jawo matsala ta biyun, wato harbin baya.

Batun sifirin da nutso ya cancanci a tsaya a kansa, domin a kansa komai yake zaune. Shokar babur irin wannan tana da tafiyar kusan milimita 300 gaba da baya. Idan mahayi ya zauna, ana son baya ya nutse milimita 100 zuwa 105, kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan. Babur shi kaɗai ba mahayi kuma ya nutse 30 zuwa 40. Idan ka daidaita na farkon a 105 amma na biyun ya gaza 25, sifirin ya yi maka taushi, ɗauri ne kawai ya yi yawa. Idan ya haura 45, sifirin ya yi tauri. Ga sufakuros ana karkata wajen 100 don baya ya ɗan ɗaga, babur ya juya da sauri a ƙuntatacciyar kwana. Ga filin waje 103 zuwa 106 ya fi kwanciyar hankali, domin baya mai tsayi a gudu mai yawa shi ke sa hannu ya riƙa karkarwa hagu da dama har ya ƙwace. In kuma nutson ya yi yawa, babur zai tafi a miƙe lafiya amma ya ƙi kwana, ya riƙa fita waje. Yawancin baburan 250 na Japan suna zuwa da sifirin gaba na niyutan 4.6 zuwa 4.9 a kowace milimita, na baya 50 zuwa 56. Na KTM na baya yana wajen 42 zuwa 45, ba don ya fi taushi a hawa ba, sai don haɗin ƙarafan da ke ƙarƙashin shokarsa daban ne. Kada ka kwafi lambar wani kamfani ka ɗora a na wani.

Sai harbin baya, wanda shi ne ya fi rikita mutane, saboda dalilai huɗu ne suke haifar da abu mai kama ɗaya, maganinsu kuma yana karo da juna. Tunda a wasa jikinka ba ya jin komai, idonka ne zai yi aikin. Buɗe maimaicin zagayen, ka sa kyamara a gefe, ka rage gudun hoton, ka zuba wa tayar baya ido.

Idan tayar ta shige har ta taɓa murfin da ke samanta kafin harbin, shoka ta kai ƙarshe ne, ƙarfin da ya rage kuma ba shi da wurin zuwa sai sama. Bisa bayaninka wannan ne naka. Ƙara bomp na baya mai jinkiri kilik 2, in bai isa ba ka ƙara sifirin mataki ɗaya. Idan ba ta kai ƙarshe ba amma ta dawo da ƙarfi kamar an saki gwafar danƙo, ribaun ne ya yi sauri, ka ɗaure shi kilik 2. Na uku shi ne akasin wannan, kuma shi ake yawan yi wa maganin da ke ƙara ciwo: tudun farko da na biyu sun wuce lafiya, a na uku ko na huɗu baya ya harba. A nan ribaun ya yi jinkiri ne. Shoka ba ta gama miƙewa ba wani tudun ya same ta, tafiyarta tana ta raguwa har ta ƙare, ta koma kamar ba shoka. Wanda ya ga harbi ya ƙara ɗaure ribaun, ya ƙara tsananta abin ke nan. Sake shi ake yi. Na huɗu, tudu mai kaifi guda ɗaya ya bugi taya, shoka ko motsin kirki ba ta yi ba, babur duka ya tashi. Wannan bomp mai sauri ne ya yi tauri.

A lura, sauri da jinkiri a nan ba gudun babur ake nufi ba, saurin shigar sandar shoka ne. Fuskar tsalle, saukowa a gangaren da aka tanada, da zaman baya lokacin da ka murɗa totur, duk na jinkiri ne ko da kana gudu sosai. Bakin rami, gargadar birki, da faɗowa a kan tsinin tudu idan tsalle bai kai ba, na sauri ne. Saitin sufakuros yana ɗaure duka biyun. Na filin waje mai tsandauri, irin Loket na ƙasar Cek ko Arco di Trento na Italiya, yana barin mai jinkirin da ɗan ƙarfi ya saki mai saurin, kuma a ganinmu wannan rabon shi ne abin da ya fi kowane maɓalli canza halin babur. A babur na gaske kwata-kwatan juyi ake taɓa mai saurin, don haka a wasa ma mataki ɗaya-ɗaya za ka bi.

Duk lokacin da ka ƙara sifirin, ka rage saurin ribaun da kilik 1 ko 2, domin sifirin mai ƙarfi da ƙarfi yake dawowa.

Man shokar gaba yana magance abin da bomp ba zai iya ba. Aikinsa a kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen tafiya yake fitowa, inda iskar da ke saman man take matsewa. Idan gaba yana da daɗi a gargada amma yana kai ƙarshe a babban tsalle, kada ka ɗaure bomp ka lalata kwanarka, ƙara mai kaɗan, a gaske mililita 5 zuwa 10 ake ƙarawa a lokaci ɗaya. Inda aka auna shi da tazarar iska a milimita, ƙaramar lamba ita ce mai da yawa.

Yashi ya fita daga wannan rabon. Lommel ta Beljiyam da Southwick ta Amurka filayen waje ne, amma saitin taushi ba ya aiki a cikinsu. Tuddansu manya ne masu tazara, gaba mai taushi kuma nutsewa yake ya soke yashi ya kifar da kai. A nan ana ɗaure bomp na gaba, a rage saurin ribaun gaba da baya, a ƙara nutson baya zuwa 105 ko 108, a tura bututun shokar gaba ƙasa a cikin maɗaurinsu don kai ya ɗaga. Milimita 2 zuwa 5 a wannan wurin babban canji ne. A tsandauri mai kwanoni masu matsi akasin haka ake yi, a ɗaga bututun don babur ya sunkuya. Iskar taya kuma tsakanin fam 12 da 13.5 take zama a yawancin filaye.

Akwai abin da saiti ba ya gyarawa. Idan ka saki totur a fuskar tsalle, injin fo-sitirok zai ja baya, gaba ya nutse, baya ya tashi, ko wace irin shoka ce. Riƙe totur daidai har taya ta bar ƙasa. A sama, murɗa totur yana ɗaga kai, taka birkin baya yana sauke shi. Haka kuma idan ba ka tura mahayi gaba da sandar kwantirola a shigar kwana ba, tayar gaba za ta zame ko da saitin ya yi daidai. Wanda ya saba da wasan MXGP na kamfanin Milestone ya kula da wannan, domin can wasan yana yafe kuskuren zama fiye da nan.

Ga yadda za ka fara. Mayar da komai kan saitin asali na babur ɗin, ka zaɓi fili ɗaya da ka sani, ka yi zagaye biyar. Daidaita sifirin da nutso tukuna, sai bomp, sai ribaun, sai mai, tsayin bututu a ƙarshe. Abu ɗaya za ka canza, kilik 2, ka sake zagaye biyar, ka duba lokaci da maimaici. Ƙasar MX Bikes tana tonuwa yayin da ake hawa, saboda haka ka sabunta filin kafin kowane gwaji, in ba haka ba kwatancen ba zai yi adalci ba. Ga filin wajen da kake hawa yanzu, ka bar sifirin na asali, nutso 105, bomp na gaba ya fi na asali taushi da kilik 2, bomp mai jinkiri na baya ya fi tauri da kilik 2, mai saurin ka sassauta mataki ɗaya. Ka adana shi da sunan filin, saitin sufakuros ɗin da ka karɓa kuma ka ajiye shi daban da nasa sunan.