Nginx a gaban Gunicorn: shekara huɗu ina riƙe da shi, ga abin da na gani

Manhajar da nake kula da ita ba wata babba ba ce. An rubuta ta da yaren kwamfuta na Python a kan Django, wani tsarin gina shafukan intanet, mutane na shiga su cike fom, su ɗora hotunan takardunsu, a ƙarshen wata kuma ma'aikata su ciro rahoto. Tana zaune a kan sabar Linux guda ɗaya da muke haya, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Wata manhaja mai suna Gunicorn ce ke tafiyar da ita, wata kuma, Nginx, yana tsaye a bakin ƙofa, shi ke karɓar duk wanda ya zo daga intanet ya miƙa shi ciki, ya karɓo amsa ya mayar. Shekara huɗu ke nan muna haka, kuma ina ganin na zauna da shi har na isa in faɗi ra'ayina.

Wani injiniya ɗan Rasha, Igor Sysoev, shi ya rubuta Nginx da yaren C, ya sake shi ga jama'a a 2004. Damuwarsa a lokacin ita ce yadda sabar ɗaya za ta riƙe dubban masu shigowa lokaci guda ba tare da ta durƙushe ba. A 2019 kamfanin F5 na Amurka ya sayi kamfanin da ke bayansa, amma wanda nake amfani da shi har yau kyauta ne, kowa na iya ɗauka. Maganar sauri ba zan daɗe a kanta ba, domin jama'armu ba su kai yawan da za su gwada ƙarfinsa ba. Abin da zan iya shaida shi ne, ban taɓa buɗe jerin abubuwan da ke cin ƙwaƙwalwar sabar na tarar da shi a sama ba.

Inda na san darajarsa shi ne ranar da abu ya lalace. Kuma abin takaicin, a ranar ne mutane suka fi zaginsa, saboda sunansa ne ke fitowa a ƙasan farin shafin nan mai ɗauke da "502 Bad Gateway". Wani matashi da muke koya wa aiki ya taɓa kirana da safe, muryarsa na rawa, ya ce: "Malam, Nginx ya mutu, shafin ba ya buɗewa." Na ce masa: "Da ya mutu, wa ya rubuto maka 502 ɗin? Yana nan da ransa. Gaya maka yake ya ƙwanƙwasa ƙofar ciki ba a amsa ba. Buɗe error.log ka karanta mini layin ƙarshe." Layin ya ce haɗuwa da 127.0.0.1:8000, adireshin da Gunicorn ke sauraro a cikin sabar, ta ci tura, da lamba 111 da kalmomin "Connection refused". Ma'ana babu kowa a wannan ƙofar. Muka duba Gunicorn, ashe tun daren jiya da aka ɗora sabon gyara ya kasa tashi, saboda an manta ba a girka wani ƙunshin Python da gyaran ke buƙata ba. Duka binciken bai ci minti biyar ba.

Wannan fayil ɗin, /var/log/nginx/error.log, wato rajistar kurakurai, shi ne babban dalilin da ya sa nake yabon Nginx. Ba ya kwana-kwana. Layi ɗaya zai ba ka lokaci, da adireshin wanda ya zo, da shafin da ya nema, da inda aka yi ƙoƙarin miƙa shi, da ainihin abin da tsarin Linux ya ce. Sannu a hankali na koyi cewa 502 ba cuta ɗaya ba ce, alama ce ta cututtuka da yawa, kuma rajistar ce ke rarrabe su. In ka ga 111, manhajar ba ta tashi ba ko tana sauraro a wata ƙofa daban. In ka ga 13 da "Permission denied", tana nan amma ba a ba Nginx izinin taɓa ta ba. Na haɗu da wannan lokacin da muka koma haɗa Nginx da Gunicorn ta soket, wani fayil na musamman da suke magana ta cikinsa, mai amfanin da Nginx ke aiki da sunansa, www-data, ba shi da izinin shiga jakar da soket ɗin ke ciki. A sabar da ke da tsarin tsaro na SELinux kuma, kamar dangin Red Hat, lambar 13 kan fito ne saboda ba a kunna saitin httpd_can_network_connect ba, ko da izinin fayiloli daidai yake.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce ta rahoton ƙarshen wata. Bayanai sun taru, haɗa rahoton ya fara ɗaukar kusan daƙiƙa 40. Ma'aikaciya za ta danna maɓalli, ta jira, sai shafin kuskure. Na san cewa Nginx na jiran amsa daga ciki na daƙiƙa 60 ne kawai in ba a sauya ba, don haka na garzaya na ɗaga proxy_read_timeout zuwa 300. Babu abin da ya canza. Na ƙara, shiru. Sai da na nutsu na kalli lambar da kyau: 502 ce, ba 504 ba. Da Nginx ne ya gaji da jira, 504 zai bayar. A rajista kuwa an rubuta ƙarara, "upstream prematurely closed connection", wato na cikin ne ya katse magana tun bai ba da amsa ba. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Gunicorn na da nasa agogon, daƙiƙa 30, kuma duk ma'aikacinsa, wato ɓangarensa da ke ɗaukar buƙata, da ya wuce haka bai motsa ba sai ya kashe shi ya tayar da sabo. A rajistar Gunicorn ga "WORKER TIMEOUT" nan jere, kowane ƙarshen wata. Tun farkon yini Nginx ya faɗi gaskiya, ni ne ban karanta ba. A ranar na ɗaga agogon Gunicorn don aiki ya tafi, daga baya muka cire haɗa rahoton daga cikin buƙatar burauza gaba ɗaya, yana gudana a bayan fage, in ya kammala mutum ya sauke. Wannan shi ne maganin gaske, domin ma'aikacin da ya tsaya daƙiƙa 40 a kan mutum ɗaya, sauran jama'a na layi suna jiransa.

Tun daga lokacin na ƙara abu biyu a tsarin access.log, rajistar buƙatun masu shigowa: $request_time da $upstream_response_time. Na farko na nuna tsawon lokacin da buƙata ta ɗauka gaba ɗaya, na biyu na nuna nawa ne daga ciki manhajar ta cinye. In an ce shafi na jan ƙafa, waɗannan lambobi biyu ke raba gardama. In duka biyun sun yi yawa, laifin na manhaja ne ko rumbun bayanai. In na farkon ne kawai ya yi tsawo, to layin intanet ɗin mai shigowa ne ke da rauni. Akwai kuma lamba 499, wadda ba ta cikin ƙa'idar HTTP da burauza da sabar ke magana da ita, Nginx ne ya ƙirƙire ta don kansa. Tana nufin mutumin ya gaji ya rufe shafin kafin amsa ta iso. Duk sanda na ga 499 ta yawaita a kan wani shafi, na san akwai masu haƙurin da ya ƙare ba su kuma kira kowa sun faɗa ba. Ina jin nauyin wannan lambar fiye da 502.

Abu na biyu da nake so shi ne yadda ake sauya saiti ba tare da an kori kowa ba. Ka gyara fayil, ka buga nginx -t, ya duba ya gaya maka ko akwai kuskure, da sunan fayil da lambar layi. In lafiya, ka buga nginx -s reload. Nginx zai tayar da sababbin ma'aikatansa da sabon saiti, tsofaffin kuma su ƙarasa hidimar waɗanda ke hannunsu sannan su sauka. In ma sabon saitin ya ƙi karɓuwa, ci gaba yake da tsohon. Na sha yin gyara da rana tsaka mutane na ciki suna aiki, ba wanda ya ji ko gezau.

To amma nginx -t nahawu da fayilolin da aka ambata kawai yake dubawa, ba ya duba nufinka, kuma a nan ne nake da ƙorafi. Yaren saitin Nginx na da ramuka da aka rufe da ciyawa. Ɗauki proxy_pass, umarnin da ke miƙa buƙata ciki. In ka rubuta location /api/, wato sashen saiti na adireshin da suka fara da /api/, sannan ka miƙa zuwa http://127.0.0.1:8000 haka tsurarsa, manhajar za ta karɓi /api/users yadda aka nema. In ka ƙara alamar / guda ɗaya a ƙarshen adireshin, za a yanke /api/ ɗin, manhajar ta karɓi /users. Dukansu halal ne a wurin nginx -t. Sakamakon kuwa 404 ne daga manhajar, wato ba a sami shafin ba, kai kuma kana can kana tona hanyoyin Django kana neman abin da bai ɓata ba. An rubuta wannan a takardun bayaninsa, ban ce an ɓoye ba. Sai dai bambanci mai girma haka bai kamata ya rataya a kan alama ɗaya ba tare da ko gargaɗi ba.

Haka add_header yake. Ka jera kanun tsaro, wato bayanan da ake maƙala wa amsa don burauza, a saman saitin shafi, ka zo can ƙasa cikin wani location ka ƙara kai ɗaya tak, misali na ajiyar hotuna a burauza, sai duk na saman su daina aiki a wannan wurin, domin a al'adarsa ba ya haɗa su, na ƙasa ne ke maye gurbi. Ba kuskure, ba gargaɗi, shafi na buɗewa lafiya. Ni da curl -I, umarnin da ke nuna kanun amsa, na gano, ina duba wani abu daban. Wannan ya fi na farkon haɗari, saboda 404 kowa na gani ya yi ƙara, amma kan tsaro da ya ɓace ba mai lura. Tsarin zaɓen location ma sai an zauna an koye shi: wanda ya dace daidai-wa-daida mai alamar = shi ke gaba, sannan a nemi farkon adireshi mafi tsawo, amma masu amfani da regex, wato tsarin dacewa da siffar rubutu, na iya ƙwace buƙatar, su kuma na farko a jeri ne ke ci. Wanda ya ɗauka daga sama zuwa ƙasa ake karantawa zai sha mamaki.

Sai kanun da ba ya miƙawa ciki sai an ce ya miƙa. In ba ka sa proxy_set_header Host ba, Django zai ga kamar daga 127.0.0.1:8000 aka zo, ya iya ƙin buƙatar da 400. In ba ka miƙa X-Forwarded-Proto ba, ko ba ka gaya wa Django ya yarda da shi ba, alhali ka umarce shi ya tura kowa zuwa HTTPS, hanyar haɗi mai tsaro, sai burauza ta yi ta zagaye har ta gaji. X-Forwarded-For kuma shi ke hana rajistar manhajarka ta nuna duk duniya daga adireshi ɗaya suke. Layuka uku ne ko huɗu, na haddace su, amma sabon shiga sai ya faɗa kowanne ɗaya bayan ɗaya.

Iyakar girman abin da ake ɗorawa ma ta kama mu. In ba a taɓa client_max_body_size ba, megabayit 1 ne kawai. Hoton takarda da wayar zamani ta ɗauka ya fi haka nesa ba kusa ba. Mutane suka riƙa cewa takardunsu ba sa hawa, muka duba rajistar Django ba ko alama, domin buƙatar ba ta ma isa can ba, an mayar da ita daga bakin ƙofa da 413. A nan ba na ganin laifin Nginx. Iyaka ce mai ma'ana, tana hana wani ya cika maka faifai da shara, kuma rajistarsa ta faɗa a fili cewa mai shigowa ya yi niyyar aiko abin da ya wuce kima. Na ɗaga ta zuwa 10m a kan shafin ɗora takardu kaɗai, sauran na bar su yadda suke.

Takardar shaidar HTTPS da manhajar Certbot nake karɓowa daga hukumar Let's Encrypt, mai ƙarewa bayan kwana 90, tana sabunta kanta. Yana aiki, amma ƙarin abu ne da za ka sa wa ido. Na gwada Caddy, wata manhaja mai yin aiki irin na Nginx, a wata ƙaramar sabar gwaji, shi da kansa yake nemo takardar ya sabunta, kuma saitin da ya ci mini layi ashirin a Nginx ya ƙare a layi uku. Wanda ke da ƙaramin shafi ɗaya, ba ya kuma son zama malamin saiti, Caddy zan nuna masa ba tare da jin kunya ba. Wani giɓin kuma, Nginx na kyauta ba ya leƙa manhajar lokaci-lokaci don ya ga ko tana da rai, sai buƙatar wani ta faɗi sannan ya sani. Mu da muke da saba ɗaya bai dame mu ba, mai sabobi da yawa a baya ya kamata ya san da haka.

Duk da haka ban sauya ba, kuma ba na shirin sauyawa. Kurakuransa na saiti na riga na san inda suke, na kuma rubuta su a fayil ɗin da muke ba duk sabon ma'aikaci. Matashin nan da ya kira ni yanzu shi ke riƙe da sabar in ba na nan. Makon jiya ya turo mini saƙo cewa an samu 502 na ɗan lokaci bayan ɗora gyara, ya ga 111 a rajista, ya tarar Gunicorn ya ƙi tashi saboda kuskure a fayil ɗin saitin manhaja, ya gyara, shafi ya dawo kafin in ga saƙon.