Bita: Injin lantarki mai darajar IE3 da na'urar VFD a wurin casar shinkafa a Zariya

Tun daga Afrilun 2024, lokacin da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit, masu ƙananan masana'antu a Zariya, daga Dakace har Sabon Gari, suka fara zuba wa mita idon da a da dizal kaɗai suke zuba wa. Wannan ya buɗe kasuwa ga masu sayar da injunan lantarki na zamani, masu cin wuta su juya kayan aiki, da na'urar daidaita gudun inji da ake kira VFD. Kaya biyun nan ne muka sa a wurin casar shinkafarmu ta hannun wani shagon kayan lantarki, wanda shi ne ya kawo su kuma ya haɗa mana, kuma hukuncina a kansu ba iri ɗaya ba ne.

Injin mai kilowat 15 ne, mai darajar IE3 a ma'aunin tsimin wuta, kuma ya maye gurbin wani tsoho da aka sha sake naɗa wa koyil. A ma'aunin hukumar IEC ta duniya mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki, injin wannan girma mai juyi kusan 1,500 a minti yana mai da aƙalla kashi 92.1 cikin 100 na wutar da ya ja zuwa aiki idan IE3 ne, alhali mai darajar IE1 ana neman kashi 88.7 ne kawai daga gare shi. Idan aka lissafa, bambancin ya ɗan haura rabin kilowat a cikakken lodi, wato kusan yunit 6 a aikin awa 10, ko fiye da naira 1,000 a rana. Ba kuɗin da zai sa mutum ya jefar da lafiyayyen inji ba ne, amma ga wanda injinsa ya riga ya ƙone, sayen irin wannan ya fi mayar da tsohon wurin masu naɗi, domin yawanci da wuta suke babbake tsohuwar waya kafin su cire ta, zafin kuma yana lalata ƙarfen cikin injin ta yadda zai riƙa cin wuta fiye da yadda aka ƙera shi. Sabon ba ya ɗaukar zafi kamar na da, ƙararsa ma ta ragu. Tarayyar Turai ta wajabta darajar IE3 ga yawancin sababbin injuna, amma a kasuwarmu har yanzu dole mai saye ya karanta farantin da ke jikin injin da kansa.

Na'urar VFD ce ke buƙatar dogon bayani, domin a nan ne talla ta fi yawa. Aikinta shi ne canza yawan kaɗawar wutar da ke shiga inji daga sau 50 a daƙiƙa da layi ke bayarwa zuwa abin da ake so, sai gudun injin ya bi. Mun sa ta a fankar da ke busa ɓuntu, wadda a da take gudu a ƙure sannan a rufe mata rabin ƙofar iska, kamar direban da ya taka totur da birki lokaci guda. A fanka, ƙarfin da ake buƙata yana faɗuwa da sauri fiye da gudu: idan aka sauke ta daga 50 zuwa 40, wato kashi 80 na gudunta, abin da take ja yana komawa kusan rabi. Wannan ya bayyana a mita, kuma ƙwayar shinkafa da iska ke kwashewa tare da ɓuntu ta ragu, tunda yanzu ana iya daidaita iskar daidai da irin shinkafar da ake casawa. Wani amfanin da ya burge ni shi ne tayar da inji. Injin da aka haɗa kai tsaye yana jan wuta ninki 6 zuwa 7 a daƙiƙun farko, abin da ke sa janareta ya yi nishi da baƙin hayaƙi, amma na'urar tana ɗaga shi a hankali.

Inda ban yarda da shagon ba shi ne iƙirarinsu cewa za a samu irin wannan ragi a kan injin casa da na niƙa. Waɗannan injuna suna aiki ne a cikakken gudu da nauyi a kansu, kuma idan aka rage musu gudu an rage buhunan da za su fitar, ita ma na'urar tana cin kashi 2 zuwa 3 na wutar da ke ratsa ta. Haka ma famfon da ke ɗaga ruwa daga rijiyar burtsatse mai zurfi, raginsa bai kai na fanka ba, saboda akwai gudun da idan ya gaza shi ruwan ba zai hau tanki ba.

Haɗin da suka yi yana da tsafta, kuma ma'aikacinsu ya tsaya ya koya wa yaranmu madannan, sai dai akwatin da suka fara kawowa mai ramukan iska ne a buɗe. A Zariya, inda ƙurar hunturu ke haɗuwa da garin dusa, ga kuma zafin Maris da Afrilu da kan kai maki 40, iyakar da yawancin waɗannan na'urori ke jurewa ba tare da rage ƙarfi ba, akwati mai kariyar IP55, wato mai kare ƙura da feshin ruwa, ko ɗaki mai tace iska shi ne daidai. Sun sauya shi bayan mun matsa, da ƙarin kuɗi. Garantin da suka bayar bai shafi lalacewar da hawa da saukar wuta ta jawo ba, don haka kuɗin na'urar kariya daga wannan matsala ya kamata ya shiga cikin cinikin tun farko, a rubuce a kan rasit.