Baƙar wayar intanet ta waje: ta jure rana da ruwan Jos, gafiya ta gama da ita

Wata goma sha ɗaya ke nan da na ja wannan baƙar wayar intanet, nau'in Cat6 da suke kira ta waje, daga falo zuwa ɗan ɗakin da ke ƙarshen lambuna a Bukuru, inda nake ajiye injin ban ruwa da buhunan taki. Mita 62 ne, bai kai mita 100 da aka ƙayyade wa irin wannan waya ba. Kyamara ce a can, irin wadda wuta da hoto duk ta waya ɗaya suke bi.

Kafin ita, shuɗiyar nan ta cikin gida na bi da ita ta kan katanga. Hunturu ya busar da ita, rana ta gasa ta, robar ta riƙa ɓarewa a hannu kamar ɓawon gyaɗa, ruwan farko na Afrilu kuma ya ƙarasa ta. Saboda haka da na ga baƙar na ji daɗi. Rigarta biyu, ta wajen mai tauri ce, an yi ta don rana. Wajen da ta hau bango a fili ta sha ƙanƙara sau biyu a daminar bana, ko tsagewa ba ta yi ba. Nan kam na yaba, har maƙwabcina na tura ya saya.

Abin da ya ɓata min rai ya faru ne a watan Agusta. Na tashi sallar asuba, na duba wayar hannuna, kyamara ta mutu. Gabana ya faɗi, don an taɓa ɗauke min inji a ɗakin nan. Na ɗauki tocila na fita cikin yayyafi. Ƙofa a kulle, inji yana nan. Sai da na durƙusa a bayan buhuna na gani: daidai inda wayar ta fito daga bututun roba ta shiga ɗaki, kamar taƙi ɗaya, an gwaguye ta tas. Baƙar rigar ta zama gari a ƙasa, silili takwas ɗin nan, lemo da kore da shuɗi da ruwan ƙasa, huɗu sun tsinke, sauran suna reto. Ga kashin gafiya a gefe, ga raminta a gindin bango.

Wallahi ranar da zan saya na tambayi mai shagon baki da baki. Ya ce, "Alhaji, wannan ko ɓera ya gan ta wucewa zai yi." Da ya ce min roba ce kawai, babu sulken ƙarfe a ciki, da na ƙara kuɗi na ɗauki mai sulken. Gafiya da ɓera haƙoransu na gaba ba sa daina tsiro, dole su samu abin gwaguya, taurin roba ba ya hana su komai. Mai shagon ya san wannan, sana'arsa ce.

Shi ma yaron da ya yi aikin yana da nasa. Da muka tone, bututun ko taƙi guda bai nutse ba, wai ƙasar dutse ce. To Jos ce, wa bai san dutse ba? Bai sa gam a mahaɗa ba, bai toshe baki ba, bututun cike yake da ruwa da jar laka. Abin mamaki wayar ta kwana cikin ruwan nan wata da watanni kuma ba ta sha ba. Har na fara cewa to laifin na mai aiki ne, kaya ba su da laifi.

Sai da muka zo gyara. Wani injiniya da na kira ya fere silili ɗaya, ya kankare shi da reza, ya miƙo min: "Baba, duba." Fari fat a ciki. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ni kuwa kuɗin jan ƙarfe zalla na biya. Alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka, ga saurin karyewa. Nan na gane dalilin da kyamarar ke ɗaukewa da dare in fitilunta sun kama, ni ina ta zargin rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida. Wannan ya fi na gafiyar ci min rai, don ita dabba ce, mai shagon kuwa mutum ne, ya dubi idona.

Yanzu mun yanke wajen, mun haɗa a cikin ɗan akwati mai murfi, mun sa guntun bututun ƙarfe daga ƙasa har cikin ɗaki, bakin kuma muka cusa soson ƙarfe muka shafe da siminti. Na sa abin kare tsawa a kowane ƙarshe, don tsawar Jos ba ta wasa da waya mai tsawo. Ba zan sake sayenta ba, kuma na je na faɗa wa maƙwabcina ya kankare tasa ya gani. In rani ya shiga zan sa a fasa dutsen nan da diga, a zurfafa ramin, a ja mai sulke.