Da waya za ka fara zana shafin ko da kwamfuta?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya kawo tambaya. An ba shi aikin shafin intanet na wata cibiyar koyar da sana'o'i, inda mutum zai shiga ya ga kwasa-kwasan da ake yi da ranar da za a fara, ya cike fom ya yi rajista. Ya buɗe Figma, manhajar da ake zana shafuka da ita, zai soma zane sai ya tsaya, domin wanda ya koya masa aikin ya ce a fara da babban allon kwamfuta sannan a matse shi ya shiga waya, wasu kuma suna ce masa a'a, da waya ake farawa. Wanne zai bi?

Ɗan'uwa, a irin aikin da ka kwatanta, fara da waya. Amma malaminka bai yi shirme ba, kuma akwai wani ɓangare na wannan aikin naka da shawararsa ce za ta fisshe ka. Bari mu jera hanyoyin biyu mu ga inda kowace take da ƙarfi da inda take gazawa.

Da farko ka sani cewa duk biyun wuri ɗaya suke nufa: shafi guda da zai zauna daidai a kan kowane allo. Shekarun baya ba haka ake yi ba. Kusan kowa yana zana shafi ne a faɗin fiksel 960 (fiksel shi ne ɗigon da ake auna allo da shi) don ya dace da allon kwamfutocin lokacin, idan kuma an damu da masu waya sai a yi musu wani shafi daban, mai adireshin da ya fara da harafin m. Bayan fitowar iPhone a 2007 sai abin ya soma sauyawa. A 2009 Luke Wroblewski, wani masanin zanen shafuka, ya kawo hujjar cewa a riƙa farawa da waya, a watan Mayun 2010 kuma wani mai zanen shafuka, Ethan Marcotte, ya bayyana tsarin shafi ɗaya mai miƙewa da tsukewa gwargwadon faɗin allo. Bootstrap, wani tarin kayan gina shafuka da ake yawan amfani da shi, ya koma tsarin fara da waya a fitowarsa ta uku a 2013. A watan Oktoban 2016 ƙididdigar StatCounter, kamfanin da ke ƙirga masu shiga shafuka, ta nuna a karon farko cewa shiga intanet ta waya da tabulet ya kai kashi 51.3 cikin ɗari a duniya, kwamfuta na da 48.7. Wata guda bayan haka Google ya sanar da cewa zai koma duba yadda shafi yake a waya wajen jera sakamakon bincike, kuma yanzu haka yake yi. Saboda haka ba a gardama kan ko shafinka zai yi aiki a waya. Gardamar tana kan wanne za ka fara yanke wa hukunci.

Nan ne bambancin gaske yake. Idan ka fara da kwamfuta, kana da fili mai faɗin fiksel 1440 ko fiye, kuma fili yana jan kaya. Za ka sa babban hoto mai juyawa a sama. Za ka jera abubuwa takwas a menu. Shugaban cibiya zai ce a sa jawabinsa na maraba, sai ka sa, tunda akwai wuri. Labarai su hau ginshiƙin hagu, kwasa-kwasai su zauna a tsakiya, maɓallin rajista yana dama. A kwamfuta duk wannan zai yi kyau, babu wanda zai yi ƙorafi. Sai ranar da ka zo matse shi zuwa faɗin fiksel 360 na waya. Ginshiƙan uku za su hau kan juna bisa jerin da suke a cikin HTML, wato kod ɗin da ke jera abubuwan shafin, na hagu a sama, na dama a ƙasa. Wanda ya shigo don rajista sai ya wuce hoto, ya wuce jawabin shugaba, ya wuce labarai biyar, yana ta jan shafi da yatsa kafin ya kai maɓallin da ya kawo shi. Da ka lura da haka sai ka fara ɓoye abubuwa, kuma abin da za ka ɓoye shi ne wanda ya ƙi shiga, ba lallai ne ya zama wanda ya fi rashin amfani ba.

Idan kuwa da waya ka fara, tambaya mai wuya ita ce za ta tare ka tun ranar farko: a wannan ɗan filin, mene ne zai zo na ɗaya? Dole ka zauna da masu cibiyar ku amsa. Sunan kwas, ranar farawa, tsawon lokacinsa, maɓallin rajista. Jawabin shugaba ya koma shafin da ke bayanin cibiyar. Kamar mai haɗa kayan tafiya ne a ƙaramar jaka, abin da ba zai iya rayuwa babu shi ba shi yake fara sawa. Daga baya idan allo ya faɗaɗa sai ka ƙara hoto, ka raba ginshiƙai, ka fito da menu fili. Ƙari kake yi a kan abin da ya riga ya tsaya da ƙafarsa. Ni a ganina wannan ita ce babbar ribar, ta fi duk wata hujjar ƙididdiga. Wayar tana tilasta maka ka zaɓa, kwamfuta kuma tana ba ka damar ɗage zaɓin har sai lokaci ya ƙure.

Sai batun yatsa da linzamin kwamfuta, wanda masu farawa da babban allo suka fi mantawa da shi. Linzami yana iya nuna ɗigo ƙarami, yatsa ba ya iyawa. Tun 1954 masanin halayyar ɗan'adam Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga wani abu ya danganta da nisansa da kuma girmansa, ƙaramin abu mai nisa ya fi wuyar samu. Shi ya sa Apple ke ba da shawarar kada wurin dannawa ya gaza 44 a tsawo da faɗi a ma'auninsu, Google kuma 48. Ƙa'idar WCAG 2.2 da ta fito a 2023, wadda ke tsara yadda kowa, har da masu naƙasa, zai iya amfani da shafi, ta sa fiksel 24 a matsayin mafi ƙaranci. Wanda ya zana a kwamfuta yakan jera ƙananan mahaɗai kusa da juna, shi yana dannawa lafiya lau da linzami, mai waya kuma ya nufi "gyara" yatsansa ya faɗa kan "goge". Akwai kuma menu mai saukowa idan an ɗora linzami a kansa ba tare da an danna ba. A waya babu ɗorawa, taɓawa ce kawai. Duk bayanin da ka ajiye a bayan wannan dabarar, ga mai waya tamkar babu shi ne, sai ka sake masa wata hanya.

Fom ɗin rajistar nan naka shi ne zai fi nuna maka bambancin, don haka bari in ɗan daɗe a kansa. A kwamfuta ana sha'awar jera gurabe biyu ko uku a layi guda, suna a hagu, lambar waya a tsakiya, imel a dama. A waya layi ɗaya gurbi ɗaya ne, kuma da mutum ya taɓa gurbin sai kibod ya taso ya cinye kusan rabin allon. Wanda ya fara da waya zai ga haka da wuri, sai ya tambayi kansa ko da gaske ana buƙatar gurabe goma sha biyu, ko biyar sun isa a karɓi sauran daga baya. Zai gaya wa burauza, wato manhajar da ke buɗe shafin, irin bayanin da kowane gurbi ke jira, yadda idan an zo lambar waya kibod ɗin lambobi ne zai fito, idan an zo imel a ga alamar @ a kusa. Zai rubuta sunan gurbin a samansa, ba a cikinsa da rubutu mai dishi-dishi ba, domin na ciki yana ɓacewa da an fara rubutu, mutum ya manta me aka tambaye shi. Zai kuma gano cewa a Safari, burauzar iPhone, idan rubutun gurbi bai kai fiksel 16 ba, shafin yakan zuƙo da kansa da an taɓa, tsarin ya karkace. Haka batun launi. Toka-toka a kan fari yana da kyau a ofis, amma mai riƙe da waya a rana ba zai ga komai ba. Ma'aunin WCAG shi ne bambancin hasken rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manya. Duk waɗannan ana iya gyara su a zanen da ya faro daga kwamfuta, amma gyara ne bayan an gama, kuma galibi sai wani ya yi ƙorafi ake tunawa.

A wajen kod ma hanyoyin sun rabu. Mai farawa da waya yana rubuta CSS, wato kod ɗin da ke tsara kamannin shafi, mai sauƙi, sannan ya ce idan faɗi ya kai kaza a ƙara kaza, da umarnin min-width. Mai farawa da kwamfuta yana rubuta mai sarƙaƙiya, sannan ya bi da max-width, wato idan faɗi bai wuce kaza ba, yana warware abin da ya ɗaura. Warwarewa ta fi yawan kuskure. Ga kuma nauyi: hoton da ka ɓoye wa mai waya da CSS sau da yawa burauza tana sauke shi duk da haka, ya ci masa data bai ko gan shi ba. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Hoton da aka yanka don allo mai faɗi, a kan waya mai ƙaramin ƙarfi da sabis mai rauni, da wuya ya cika wannan.

To ina farawa da kwamfuta ya fi? A duk inda mutum zai zauna ya yi aiki na sa'o'i da bayanai masu yawa a gabansa. Manhajar lissafin kuɗi, ta tace bidiyo, allon da ma'aikaci ke bin oda ɗari a rana. Kuma aikinka yana da irin wannan ɓangaren, ko da ba ka ambata ba: wani a cibiyar zai riƙa duba waɗanda suka yi rajista. Yana son tebur mai suna, kwas, ranar rajista, ko an biya, ko an tabbatar, duk a layi guda, ya tace, ya kwatanta, ya yi amfani da kibod ba tare da ya ɗaga hannu ba. Idan ka faro wannan daga waya za ka mayar da kowane ɗalibi kati guda mai cin wuri, ma'aikacin ya riƙa ganin mutum huɗu a allon da zai iya nuna masa talatin. Ka cuce shi ke nan da sunan bin ƙa'ida. A nan cunkoson bayani alheri ne, kuma shawarar malaminka ce daidai.

Farawa da waya ma yana da nasa ciwon, kuma ina yawan ganinsa har yana ba ni takaici. Mutum ya gama na waya sai ya miƙe shi kawai ya ce ya gama na kwamfuta. Sakamakon shi ne rubutu ƙato-ƙato, fili fetal babu komai, layin rubutu ya miƙe daga wannan gefen allo zuwa wancan har ido ya ɓata wajen komowa layi na gaba. Masu tsara rubutu sun daɗe da cewa layi mai daɗin karatu yana tsakanin haruffa 45 zuwa 75, don haka ka ƙayyade faɗin rubutun komai girman allon. Mafi muni shi ne a bar menu a ɓoye bayan alamar nan mai layi uku alhali ga wuri. Alamar ba sabuwa ba ce, Norm Cox ne ya zana ta wa kwamfutar Xerox Star da ta fito a 1981, ƙarancin fili a waya ne ya dawo da ita. Binciken da Nielsen Norman Group, kamfanin da ke nazarin yadda mutane ke amfani da shafuka, ya yi a 2016 ya nuna cewa mutane sun fi rashin amfani da menu idan an ɓoye shi, kuma abin ya fi tsanani a kwamfuta. Ko a waya ma, idan manyan sassanka ba su wuce huɗu ko biyar ba, gara ka jera su a fili.

Akwai wani dalilin da ya sa mutane da yawa ke farawa da babban allo wanda ba a cika faɗa ba: shi ne ke burge mai aiki. Zanen kwamfuta a kan majigi yana da kwarjini, na waya kuwa siriri ne kamar ba a yi wahala ba. Kada wannan ya ja ka. Ranar da za ka nuna musu, tura musu mahaɗin su buɗe a wayoyinsu, ka ce kowa ya gwada yin rajista kana kallo ba ka ce komai ba. Gani ya kori ji. Inda yatsansu ya tsaya yana laluben hanya, nan gyara yake.

Saboda haka raba aikin gida biyu. Ɓangaren jama'a, wato kwasa-kwasai da fom, faro shi daga faɗin 360. Idan ya zauna, ka riƙa jan gefen burauza a hankali kana faɗaɗa shi, duk inda ka ga tsarin ya fara muni, a nan za ka sa canji, ba sai ka haddace girman kowace waya ba. Ɓangaren ma'aikata kuma faro shi daga kwamfuta, sannan ka tabbatar ana iya buɗe shi a waya don duba abu ɗaya cikin gaggawa: teburin ya riƙa gungurawa gefe, ginshiƙin suna ya tsaya cak. Idan cibiyar tana da tsohon shafi, nemi ƙididdigar masu shigarsa kafin ka ja layi ko ɗaya, ka ga kashi nawa ne ke zuwa ta waya. Gwajin ƙarshe kuma kada ka yi shi a kwamfutarka da ka tsuke tagarta. Samo waya ta gaske mai araha, ka kashe wayifai, ka cike fom ɗin da hannu ɗaya daga farko har ƙarshe.