Rajistar rumbun takardu, gwajin DNA ko hayar gwani: wanne zai kai ka ga kakan kakanka?

Yawancin masu bin salsalar gidansu a wuri guda suke cijewa. Sunan uba da na kaka suna bakin kowa, na kakan uba ma akan samu wanda ya riƙe shi, daga nan sai sawu ya ɓace. A daidai wannan gaɓar ce tallace-tallace ke fara bin mutum a waya. Wannan kamfani ya ce yana da takardu biliyoyi, wancan ya ce ka tofa yawu a 'yar kwalba ya faɗa maka inda ka fito. Kowannensu akwai irin matsalar da yake warwarewa, kuma wanda bai tantance irin tasa ba kafin ya biya, cinikin biri a sama ya yi.

Wani lokaci takardar tana nan lafiya lau a wata ma'adana, kai ne ba ka kai gare ta ba, ko kuma an rubuta sunan yadda ba ka zata ba. Wannan kuɗi na maganinta. Wani lokaci kuma an rubuta ta amma ta salwanta. Gobarar da aka yi a Washinton a 1921 ta yi sanadin asarar kusan duk takardun ƙidayar Amurka ta 1890. A 1922 ma'adanar takardun gwamnati da ke Dublin, babban birnin Ailan, ta ƙone ana cikin yaƙin basasa, ta tafi da ƙidayoyin 1821 zuwa 1851, sai 'yan guntaye suka tsira. Ƙidayar Ingila da Wales ta 1931 ta ƙone a 1942, ga shi ba a yi ta 1941 ba saboda yaƙin duniya. Duk tsadar rajistar da ka yanka ba za ta dawo da waɗannan ba. Akwai kuma wadda doka ce ta kulle: Amurka ba ta sakin sunayen da ke cikin ƙidaya sai bayan shekara 72, shi ya sa ta 1950 sai a Afrilun 2022 ta fito.

Mafi tsanani shi ne a ce tun farko ba a rubuta ba. A ƙidayoyin Amurka na 1850 da 1860 ana lissafa bayi ne ƙarƙashin sunan ubangidansu, a sa shekaru da jinsi da launin fata, ba suna. Sai a ta 1870 yawancinsu suka bayyana da sunayensu. Ingila kanta sai a 1837 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa, ƙasashe da dama kuwa sun fara tasu bayan haka da daɗewa, kuma an jima ba ta kai ƙauyuka ba. Idan kakanninka daga irin wannan wuri suka fito, rabin abin da ake tallata maka ba kai aka yi wa ba.

Don haka abin da zan sa a gaba ba ya buƙatar rajista: na'urar ɗaukar murya, wadda wayar hannunka ma ta wadatar. Takardar da ke ma'adana za ta jira ka shekara goma, tsoho mai shekara tamanin da biyar kuwa ba ka da tabbas. Kada ka zauna ka ce masa ya jero maka kakanni, zai ba ka suna uku ya yi shiru. Tambaye shi wa ya rene shi, a gidan wa aka yi bikinsa, sunan wa aka mayar masa, wace sana'a ce ta raba kakansa da garinsu. Sunaye cikin labari suke fitowa. Ka zauna da mata su ma, domin sau da yawa su ke riƙe da wa ya auri wa, kuma ɓangaren uwa ne ke fara ɓacewa a rubuce. Ka kuma ɗauki dattawa biyu kowa shi kaɗai. Inda bakinsu ya zo ɗaya ka samu abin kamawa, inda suka saɓa ka rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa. Ruwayar baka tana da aibi guda sananne: takan haɗiye tsaka-tsakin zuri'a, a ce wane ɗan wane ne alhali jikansa ne, musamman idan sunansu ɗaya.

Bayan wannan sai FamilySearch, shafin intanet na binciken salsala, wanda kyauta ne. Cocin da aka fi sani da Momon ne ke tafiyar da shi daga Salt Lake City, kuma aikin ya samo asali tun 1894. A 2021 suka kammala mayar da naɗin fim ɗin takardu kimanin miliyan 2.4 zuwa hotunan kwamfuta. Suna kuma da shirin ɗaukar salsalar baka a wasu ƙasashen Afirka, abin da manyan kamfanonin kasuwanci ba su damu da shi ba. Abu biyu za ka sani kafin ka shiga. Ɗimbin hotunan ba a fitar da sunayen da ke cikinsu ba, saboda haka idan ka buga suna aka ce babu, ba a rufe magana ba; shiga kundin jerin takardunsu ka nemo sunan gari ko gunduma, ka bi shafi-shafi da idonka. Wasu ma ba sa buɗuwa sai a cibiyoyinsu ko ɗakunan karatu da suke hulɗa da su. Na biyu, bishiyar zuri'ar da ke can ta kowa da kowa ce. Wani da ba ka sani ba zai iya haɗe kakanka da wani mai irin sunansa cikin dare ɗaya.

Masu karɓar kuɗi kuwa kowa da inda ya fi ƙarfi. Ancestry ya fi kowa yawan takardun Amurka da Kanada da Birtaniya. MyHeritage, wanda aka kafa a Isra'ila a 2003, ya fi amfani ga mai dangi a nahiyar Turai, kuma ya iya gane suna ɗaya da aka rubuta da haruffan harsuna daban-daban. Findmypast na Birtaniya da Ailan ne, shi ya fara fitar da ƙidayar Ingila da Wales ta 1921 a Janairun 2022, ga tarin tsofaffin jaridu. Yawan biliyoyin da suke faɗa kada ya ruɗe ka. Dukkansu ana iya duba jerin tarin takardunsu ba tare da an biya ba. Buga sunan ƙasar kakanninka a wurin. Idan abin da ya fito bai wuce jerin fasinjojin jirgin ruwa da 'yan takardun ma'aikatan mulkin mallaka ba, ka samu amsa. Idan kuwa akwai abin kirki, a ganina rajistar wata guda ta fi ta shekara: tara tambayoyinka tukuna, ka biya, ka kwashe abin da kake so. Ka lura rajistar kan sabunta kanta ta ciri kuɗi idan ba ka dakatar ba, kuma ranar da ta ƙare bishiyarka na nan amma hotunan takardun da ka liƙa mata sun rufe.

Sau da yawa ma laifin na rubutun suna ne. Magatakardan da ya rubuta kakanka da kunnensa ya rubuta, wataƙila ba ya jin harshensa, sannan wani ya zo bayan shekara ɗari ya kwafe rubutun hannun zuwa kwamfuta ya ƙara nasa kuskuren. Mutum ɗaya sai ka same shi Muhammad a takardar aure, Mohamed a ta jirgi, Mahomet a ta asibiti. Yawancin rumbunan suna karɓar alamar tauraro a madadin haruffa, ka buga M*h*m*d ya kwaso maka da yawa a tashi ɗaya. Idan ya ƙi, bar sunansa ka nemi na matarsa ko na ƙanensa ko na maƙwabcinsa. Sunan iyali da ake gada ma ba ko'ina ya daɗe ba: a Turkiyya sai a 1934 doka ta wajabta shi. Shekaru ma haka. Birtaniya ta tsallake kwana 11 a Satumban 1752 da ta sauya kalanda, shekarar Hijira kuma ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, ga shi mutane da yawa kintata shekarunsu suke yi a gaban mai ƙidaya. Bar wa bincikenka sararin shekara biyar gaba da baya.

Gwajin DNA shi ne aka fi saya bisa kuskuren fahimta. Abin da ke jan mutane shi ne taswirar nan mai launi da ke cewa kashi kaza na jininka daga yanki kaza yake. Wannan kintace ne, ana gwada ka da samfurin mutanen da kamfanin ya tara, kuma duk lokacin da suka sabunta samfurin sai kason ya canza. Yankunan da ba a ɗebi samfuri da yawa ba sukan fito a dunƙule. Amfanin gwajin na gaskiya yana cikin jerin 'yan uwan da zai nuna maka, su ma sai waɗanda suka yi gwajin. Rumbun Ancestry ne mafi girma, amma mafi yawan mutanen cikinsa a Amurka da sauran ƙasashe masu jin Ingilishi suke. Ga wanda aka rene shi bai san iyayensa ba, ko wanda danginsa suka watsu ƙasashen waje, wannan gwaji na iya yin abin da takarda ta kasa. Ga wanda danginsa duk suna inda ba a yin gwajin, zai iya buɗe sakamako ya tarar da 'yan uwa na nesa ƙwarai waɗanda ba za a iya gano mahaɗarsu ba.

Gwajin da aka fi sayarwa yana duba gadon uwa da na uba duka, amma zangonsa gajere ne. Rabi kake ɗauka daga kowane mahaifi, kusan kashi 25 cikin ɗari daga kowane kaka, ɗan baffanka ko ɗan kawunka kuna haɗa kusan 12.5, haka abin ke ta raguwa, har bayan zuri'a biyar ko shida ya zama da ƙyar ake gani. Ana auna yawan DNA ɗin da kuka haɗa da wani da ma'aunin da ake kira santimogan. A ce an nuna maka wani kun haɗa 850. Zai iya zama ɗan kawunka, zai iya zama ƙanen kakanka, zai iya zama ɗan wanda kuke uba ɗaya. Lambar ba ta zaɓa maka, shekarunsa da takardu ne za su raba gardama. A al'ummar da auren zumunci ya yawaita kuma lambar kan kumbura, na nesa ya fito kamar na kusa. Saboda gajartar zangon nan, idan kwalba ɗaya za ka iya saya, ba wa mafi tsufa a gidan ya tofa.

Mai neman layin maza zalla, uba zuwa kaka zuwa kakan kaka, gwajin Y yake buƙata, wato na ɓangaren DNA ɗin da ɗa namiji ke gada daga ubansa, kuma maza kaɗai ke yin sa. Mace sai ta sa ɗan'uwanta ko baffanta. Kamfanin FamilyTreeDNA da ke Houston ya fi shahara a nan. Na layin mata zalla yana kai wa dubban shekaru baya, amma da wuya ya ba ka sunan kowa, don haka shi ne na ƙarshe da zan ba da shawara.

Kafin ka aika yawunka, tuna ba sirrinka kaɗai ke ciki ba. A 2018 'yan sandan Kalifoniya sun kama wani da ake nema shekaru da dama bisa kashe-kashe ta hanyar bin DNA ɗin danginsa na nesa a shafin GEDmatch, inda mutane ke ɗora sakamakon gwajinsu don neman dangi. A 2023 masu kutse sun kwashi bayanan mutum kusan miliyan 6.9 daga kamfanin gwajin DNA na 23andMe, a Maris 2025 kuma kamfanin ya shigar da takardar karyewar arziki. Karanta ko za ka iya goge bayananka ka sa a lalata samfurin. Ba kowace ƙasa ake aika kwalbar ba, Faransa ma ta haramta irin wannan gwaji in ba da izinin likita ko kotu ba. Sannan gwajin ba ya sakaya magana. Yakan fito da ɗan'uwan da ba a san da shi ba, ko ya nuna wanda ake kira uba ba shi ba ne, kuma gara tsohon da za ka ba kwalbar ya san haka tun kafin ya amince.

Hayar gwani ta fi duk waɗannan tsada, amma akwai inda babu makawa: takardun na wata ma'adana mai nisa da ba a sa a intanet ba, ko an rubuta su da harshe ko salon rubutun da ba ka iya karantawa. Lokacinsa kake saya, ko ya samo ko bai samo ba za ka biya. Duk wanda ya yi maka alkawarin kai ka ga wani sarki ko wani shahararren malami tun bai buɗe takarda ba, riƙe kuɗinka. Ba shi tambaya guda ƙwaƙƙwara, misali su wane ne iyayen wane da ya yi aure a gari kaza wajajen 1920, ku yanke adadin sa'o'i a rubuce, ka kuma sharɗanta ya kawo rahoton duk inda ya duba har da inda bai samu komai ba, don kada wani ya sake cajin ka a kan wurin.

Duk wanda ka zaɓa, ajiye ainihin aikinka a kwamfutarka. Manhajar Gramps kyauta ce, RootsMagic da Family Tree Maker sau ɗaya ake sayensu. Dukkansu suna karanta fayil ɗin GEDCOM, wanda da shi ake kwashe bishiya daga wannan shafi zuwa wancan. Sai dai wanda yawancin shafuka ke ba ka sunaye da ranaku da bayanai kawai yake ɗauka, hotunan takardu da muryoyin da ka ɗauka ba sa bin sa. Waɗannan sai ka sauke su ɗaya bayan ɗaya kafin rajistarka ta ƙare, ka sa wa kowanne sunan mutumin da shekara da inda ka samo shi, ka kuma ba wani a dangi kwafi.