Kwas ɗin Scrum na kwana 2 a Jidda: ya ci kuɗinsa?

Scrum tsarin aiki ne da ƙungiya ke raba aikinta zango-zango, kowane zango na ɗan gajeren lokaci. Ga Hausawanmu masu aikin haɗa manhaja a Jidda, kwas ɗin yana da amfani, sai dai kwana 2 sun yi kaɗan. Ƙarfinsa yana kan taron kullum na minti 15: manaja ya yi shiru, ma'aikata su tsara aikin ranar da kansu. Da zarar taron ya koma ba wa shugaba rahoto, kowa sai ya ɓoye inda aiki ya cije masa. Ana kuma nanata kada ƙungiya ta wuce mutum 10.

Amma bai taɓo azumi ba. A Saudiyya aikin Ramadan awa 6 ne a rana, don haka zangon mako 2 ba zai ɗauki kayan da aka saba ɗora masa ba. A rage tun wajen tsarawa.