Kafin ka sayi injin lantarki na keke, fara duba hob din baya

'Yan uwa masu son maida kekensu mai lantarki a nan Kumasi, tambayar da kowa ke fara yi ita ce wat nawa ne injin, batir din awa nawa yake kaiwa. Ba laifi, amma abin da ke sa kaya su kwana wata da watanni a karkashin gado ba wat bane, hob din tayar baya ne, wato cibiyar tayar da sifok ke haduwa a jikinta, da giyar da ke kansa. In basu dace da injin da ka sayo ba to kudinka sun kwanta.

Cire tayar baya ka juya giyar baya-baya kana kallon tsakiyarta. In zoben da ake sa makulli a ciki yana juyawa tare da hakoran, kaset ne, wato hakoran zura su akayi kan wani bututu mai tsaga-tsaga da ke jikin hob din. In zoben ya tsaya cak hakoran kadai ke yawo, firiwil ne na murdawa, mai tiredi, wato zare irin na noti. Yawancin kekunan hom yus, wato na gwanjo, masu giya 6 ko 7 da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema firiwil garesu, masu giya 8 zuwa sama kuma galibi kaset. Su biyun basa musanya, kar wani mai shago yace maka ai duk daya ne.

Mafi sauki shine injin da ke cikin hob, ka cire tsohuwar taya ka sa sabuwa. Na baya yawancinsu da tiredin firiwil suke zuwa, irin wanda kowa ya sani, inci 1.375 da zare 24 a kowane inci, don haka firiwil din Shimano mai giya 7 zai hau ba gardama. Sai dai ka auna tsakanin kafafun firam din na baya, kekunan hawa dutse milimita 135 ne, na tsere 130, kafar gaba kuma 100. Firam din karfe za'a iya dan bude shi, na alminiyam kar ka soma. Kuma in kekenka mai giya 9 ne da kaset, nemi injin da akayi don kaset, kamfanin Bafang nada su, don cusa firiwil mai giya 9 kan inji yakan sa fadin ya wuce 135 har karamin hakori ya rika gogar firam.

Akwai abin da ba'a fadawa mutum sai ya hau titi. Firiwil din da ya cika kasuwa karamin hakorinsa 14 ne. Da karfin kafa ya isa, amma da inji ya dauke ka a mikakkiyar hanya sai kaji feda ta zama wofi, kana ta juya kafa ba abin da kake turawa. Maganinsa firiwil da karaminsa ke da hakori 11, irin na kamfanin DNP, ko ka kara girman farantin gaba. Sannan wayar injin ta cikin aksul, sandar da taya ke juyawa a kanta, take fitowa, aksul din kuma yafi na keke kauri, milimita 12 ko 14, shi yasa makullin kwance firiwil na mai gyaran unguwa wani lokaci baya shiga, sai a dauko guduma da kurfi ana duka. Shafa giris a tiredin tun ranar farko, kuma ka tabbata makullin da ya dace yana hannunka.

Injin hob din ma iri biyu ne. Mai giya a ciki karami ne, mara nauyi, yana da nashi kuloci, in batir ya kare zaka taka kamar keken kowa. Daya kuma babba ne mai fadi ba giya a cikinsa, baya saurin lalacewa amma in wuta ta kare zaka ji yana rike ka, kuma a hawa daga tsaye bashi da kuzari. Kumasi ba shimfidadden gari bane, hawa da gangara ne ko ina, ga kuma ranar da aka dauke wuta baka yi caji ba, don haka ni mai giya nake ba mutum shawara. Kowanne ka dauka sa mishi karfen da ke rike aksul kar ya juya cikin firam, musamman a kafar gaba.

Sai wanda samari suka fi rububi saboda araha, karamin injin nan MY1016Z mai wat 250 ko 350 da ake daurawa a gefe, sarkarsa ta bi bangaren hagu. A nan ake shan wahala. Firiwil na dama in ka daura shi a hagu, injin zai yi ta juya shi a banza yana kara-kara-kara taya bata motsa ba, in kuma farantin hakori ne mara firiwil mai tiredin dama to injin da kansa zai kwance shi. Dole hob mai tiredin hagu da firiwil na hagu, su biyun tare. In hob dinka nada wurin birkin faifai mai noti 6, akwai adafta da ake daurawa a nan, tafi karko, amma sau da yawa ka rasa birkin bayan kenan, sai ka koma na roba in wilin zai karba. Irin wanda ake matse farantin a jikin sifok da roba kuwa ni dai bana so, da wuya ya zauna daidai tsakiya, sarka tayi ta fita, sifok suyi ta karyewa daya bayan daya. Duba sarkar ma, ta keke mara giya mai fadin 1/8 bata daya da siririyar sarkar sikuta, hakori da sarka sai sun zama gida daya.

Masu injin sassaka karfe a Suame Magazine, unguwar makanikan Kumasi, zasu iya yanka maka adafta mai kyau, wannan aikinsu ne. Kai musu hob din da firiwil din duka su auna, kar ka tsaya kwatance da baki, kuma ka nanata musu cewa tiredin hagu ne. Walda a kan hob kam a'a, zafin na cin boris, kuma in ya karkace ya karkace kenan.

Mai kudi a hannu sai ya duba injin tsakiya, Bafang BBS02 ko Tongsheng TSDZ2, da ke shiga gidan feda mai fadin milimita 68 zuwa 73. Ba ruwansa da tiredin hob, yana amfani da giyar kekenka, a hawa babu kamarsa. Amma duk karfin ta sarka yake bi, hakora na saurin cinyewa, kuma hob mai firiwil aksul dinsa yakan lankwashe don boris din dama yana can ciki nesa da firam. Da wannan injin gara kaset.

Mai keken giya 7 da firam din karfe, wanda zirga-zirgarsa Aboabo zuwa Kejetia ce, ya dauki injin hob na baya mai giya, mai aiki da batir na bolt 36, ya hada da firiwil mai hakori 11 a oda daya don kudin aikowa kar ya zama biyu.